Ƙwaya Tana Sauya Riga, Hukumomi Suna Aiki a Rarrabe: Fashin Baƙi Kan Yaƙi da Shaye-shaye a Kano

Akwai wani kango a bayan layinmu da mai shi ya kai ginin linta ya tafi ya bar shi, shekara da shekaru. Duk mai son sanin abin da matasan unguwa suke sha a wannan zamani, ba sai ya je ofishin kowa ba. Ya leƙa kangon nan da sassafe kafin yara masu tsintar roba su iso. A shekarun baya kwalaben maganin tari ne zube ko'ina, ƙanana masu ruwan ƙasa, har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Daga baya kwalaben suka yi ƙaranci, sai fankon katin ƙwayoyi ya maye gurbinsu, an rubuta 225 ko 250 a jiki. Yanzu kuwa abin ya gauraye. Ga katin, ga guntayen leda, ga robobin lemo da aka ɗura wani abu a ciki wanda warinsa kaɗai zai gaya maka ba lemo ba ne. Kangon yana nan yadda yake, masu shiga cikinsa ma su ne dai, ko ƙannensu. Kayan ne suke sauyawa.

Wannan sauyawar ita ce ta sa babu hukuma ɗaya da za ta iya da matsalar nan ita kaɗai, komai ƙarfinta. Kowa ya yarda da haka a baki. Ba a taro kan shaye-shaye a Kano a tashi ba a ce "sai an haɗa hannu" ba. Abin da ba a cika tsayawa a warware ba shi ne: wane hannu, riƙe da me, kuma a ina haɗin yake tsinkewa.

Girman abin

Babban binciken da har yau ake dogaro da shi, shi ne wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka, aka fitar da shi a watan Janairun 2019. Ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a Najeriya cikin shekarar da ta gabaci binciken, wato kashi 14.4 cikin ɗari, kusan ninki uku na matsakaicin duniya a lokacin. Wannan lissafi bai haɗa da giya da sigari ba. Tabar wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai magungunan kashe zafi irin su tiramadol da mutum miliyan 4.6, sai maganin tari da miliyan 2.4. A Jihar Kano kashi 16 cikin ɗari ne, mutum sama da miliyan ɗaya.

Abu biyu a cikin binciken nan sun fi tsaya mini a rai. Na farko, cikin kowane mutum huɗu masu shan, ɗaya mace ce, kuma a maganin tari mata kafaɗa da kafaɗa suke da maza. Matar aure a cikin ɗakinta ba za ka gan ta a kango ba, kuma motar sintiri ba za ta taɓa isa gare ta ba. Na biyu, cikin kowane biyar, ɗaya ya riga ya kai matakin da abin ya zame masa ciwo, ba zai iya bari don kansa ba ko da yana so. Wannan kusan mutum miliyan uku ne a ƙasar. Su ba wa'azi kaɗai suke buƙata ba, ba kuma sanda ba. Asibiti suke buƙata.

Wa ke riƙe da me

Mutane da yawa suna ɗauka duk maganar ƙwaya aikin hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta ƙasa ne, wato NDLEA. Gaskiya ita ce uwa a fagen, tun da aka kafa ta a 1989, kuma tun da Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya ya karɓi shugabancinta a Janairun 2021 ake jin motsinta fiye da da. Ita ke kama dila, ita ke gurfanar da shi a Babbar Kotun Tarayya. Amma yawancin abin da yaranmu suke sha a Arewa ba hodar iblis ba ce da ake ɓoyowa a ciki ko a ƙasan akwati. Magani ne na asibiti da aka karkatar. To shi magani, rajistarsa da izinin shigo da shi da sarrafa shi yana hannun hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Shagon da ake sayar da shi kuwa, daga babban kantin magani har ɗan kemis na lungu, lasisinsa yana hannun Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, wato PCN. Kwantenar da ta ɗauko shi daga Indiya, kwastan ne ke tarbarta a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Onne. Motar da ta kawo shi Kano, ko ta wuce da shi Jibiya da Maigatari zuwa Nijar, ta ratsa shingaye na 'yan sanda da na wasu jami'an da ba su ƙirguwa.

Waɗannan duk na tarayya ne, umarninsu daga Abuja yake zuwa. A gefen jiha kuma ga Hisbah, wadda dokar 2003 ta kafa, ga Ma'aikatar Lafiya da asibitocinta, ga ta ilimi da makarantunta, ga hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya. Sannan ga masarauta, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, waɗanda ba su da ikon kama kowa amma sun fi kowa sanin wane gida ake sayarwa.

Ka ga ke nan katin ƙwaya guda ɗaya, daga masana'anta zuwa kangon bayan layinmu, ya bi ta ƙarƙashin idon hukumomi kusan goma, kowacce da dokarta da kasafinta da shugaban da take jin maganarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan tana tsakanin wannan ofis da wancan. Misali ɗaya ya isa. Daga 2011 an cire NAFDAC daga cikin hukumomin da ke zaune a tashoshin jiragen ruwa, da niyyar rage cunkoso, ba ta koma ba sai a 2018. Shekara bakwai hukumar da ta san magani ba ta tsaye a ƙofar da magani ke shigowa. A cikin waɗannan shekaru ne tiramadol mai ƙarfin da ya wuce ƙa'ida ya cika kasuwa. Wanda aka amince a yi amfani da shi a Najeriya mai miligiram 50 ne da 100. Na jikin katin kangonmu 225 ne da 250.

Darasin kodin

Duk wanda ya zauna a Kano tsakanin 2015 da 2018 ya san yadda kodin, wato maganin tarin nan mai sa maye, ya yi. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan uku kullum a Kano da Jigawa, kuma a ƙarshen shekarar majalisar ta zo Kano ta yi taro na musamman a kai. Aka yi ta magana. Sai a ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken ƙwaƙwaf da ya nuna yadda maganin ke fitowa daga kamfanoni ta bayan fage, da yadda aka ɗaure matasa da sarƙa a wata cibiyar gyaran hali a Kano. Washegari, 1 ga Mayu, gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Haramcin ya yi amfani, ba na musun wannan. Kwalbar ta yi tsada, ta yi wuyar samu, yaron da bai fara ba ya yi wuya ya fara da ita. Amma wanda jikinsa ya riga ya saba fa? An rufe masa famfo ba a buɗe masa asibiti ba. Mai jarabar kodin idan ya rasa, jikinsa ciwo yake yi, ga zawo, ga zufa, ga rashin barci, kamar mai zazzaɓi mai tsanani. Ba zai zauna yana jiran gwamnati ta gama tsara shiri ba. Zai nemi abin da ya fi kusa, wato tiramadol, ko ƙwayoyin roci da Exol-5, ko allurar fentazosin. An gudu ba a tsira ba.

Su ma 'yan kasuwar haka suka yi. A 2018 ɗin dai Indiya ta tsaurara dokarta kan fitar da tiramadol. Sai wasu kamfanoni suka koma haɗa wani maganin kashe zafi da ya fi shi ƙarfi, tafentadol, da wani mai sassauta jijiyoyi, karisofrodol, suka zuba a kati mai kama da na da, da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal-225. Haɗi ne da babu ƙasar da ta amince da shi a matsayin magani. Yaro yana saye yana ce masa tiramol, bai san abin cikin ya canza ba. Sai a Fabrairun 2025, bayan wani binciken na BBC, Indiya ta haramta haɗin.

Wannan shi ake nufi da sababbin kayan maye. Wani lokaci sinadari ne sabo fil daga ɗakin gwaji, kamar ganyen da ake fesa wa sinadarai ana kira Kolorado, ko ƙanƙarar da ake kira ais, wadda tun 2011 aka fara gano wuraren dafa ta a cikin Najeriya. Wani lokaci kuma tsohon abu ne aka sauya masa aiki: sholisho na masu faci, sukudai wanda asalinsa sinadarin masana'anta ne, zaƙami da ke fitowa a juji, a-kurkura da ake tallarsa da sunan maganin gargajiya, har da iskar da ake hurawa a balan-balan wadda NDLEA ta fara farautar masu sayar da ita a 2023. Da yawa daga cikinsu ba sa cikin jerin abin da doka ta ambata da suna, kuma ba za ka hana mai faci sayen sholisho ba. Wanda ya fara ganin sabon abu ba jami'in tsaro ba ne. Nas ce a ɗakin agajin gaggawa da aka kawo mata yaro yana fizge-fizge, ko malamin makaranta, ko mai shayi, ko ɗan kemis da aka fara tambayarsa wani magani da bai saba sayarwa da yawa ba. Idan babu hanyar da labarin nas ɗin nan zai isa ga NDLEA da NAFDAC cikin mako guda, a ɗauki samfur a gwada, a sanar da sauran asibitoci abin da za su yi idan sun ga irinsa, to kullum ihu bayan hari za a yi ta yi.

Inda haɗin ya yi aiki

Ba duka ne labarin gazawa ba. Kasuwar magani ta Sabon Gari a da tana cikin manyan buɗaɗɗun kasuwannin magani huɗu na ƙasar, tare da Idumota a Legas, da ta bakin gada a Onica, da Ariariya a Aba. Shekaru ana maganar tashinta. Magani ne jibge a shaguna cikin zafin Kano, kowa ya zo da kuɗi a ba shi kwali, ba mai tambayar takarda. Aka gina cibiyar sayar da magani a sari a Dangwauro, kan titin Zariya, inda hukumomin za su zauna tare da 'yan kasuwar wuri ɗaya. 'Yan kasuwa da yawa suka ƙi tashi, aka je kotu. A Fabrairun 2024 Babbar Kotun Tarayya a Kano ta yanke hukuncin su koma, kuma cikin kwana biyu NAFDAC da PCN, da rakiyar jami'an tsaro, suka rufe shaguna sama da dubu ɗaya.

Abin lura a nan shi ne babu ɗaya daga cikinsu da zai iya wannan shi kaɗai. Jiha ta shiga da fili da goyon baya, 'yan kasuwa masu zuba jari sun yi ginin, kotu ta ba da hukunci, hukumomin magani biyu sun zartar, jami'an tsaro sun tsare. Aiki ne guda ɗaya, sananne, mai ranar farawa. 'Yan kasuwar sun koka da tsadar shaguna da nisan wurin, kuma kukan nasu ba na banza ba ne, domin yawancinsu halal suke nema. Ba kuma a ce tashin kasuwar ya kawo ƙarshen ƙwaya a gari ba, don dila ba ya buƙatar shago mai lamba. Amma aƙalla yanzu akwai ƙofa ɗaya da za a iya tsayawa a ga abin da ke shiga da fita.

Inda yake tsinkewa

Wani dare bayan sallar isha'i wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta aiko a kira ni. Na same ta a zaure, ta yafa mayafi, fitilar waya a hannunta. Ɗanta na fari ne, don haka ba ta faɗin sunansa.

"Ɗan nan, yaron nan ne kuma. Yau har ƙanwarsa ya ɗaga wa hannu. Ni dai na rasa inda zan sa kaina."

"Hajiya, ina yake yanzu?"

"Yana ɗaki, mun rufe shi. Ka san wani wurin da za a kai shi? Ko nawa ne zan sayar da ɗan abin da nake da shi."

Na yi shiru, don na san hanyar da ke gabanta. An taɓa kama shi, ya kwana biyu a tsare, aka yi masa nasiha aka sake shi, ba wanda ya rubuta masa takardar zuwa ganin likita. Washegari muka kai shi wani asibiti, aka ce babu gado, a dawo bayan mako biyu. Muka tambayi wani wuri mai zaman kansa, kuɗin wata ɗaya ya fi abin da gidan ke samu a wata shida. Kowane wuri muka je mutanen kirki muka tarar, sun saurare mu, sun tausaya. Sai dai kowa ya yi iyakar nasa ya tsaya a bakin ƙofarsa. Babu wanda aikinsa ne ya kama hannun yaron nan daga wannan ƙofa ya kai shi waccan. A ƙarshe wani ɗan'uwansu ya ba da shawarar a kai shi wajen wani malami a ƙauye.

Da haka gidajen mari suka samu kasuwa. A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, sai ga irinsa a Daura a watan Oktoba, aka bi sauran ana rufewa. Rufewar daidai ce, abin da aka gani a ciki ba addini ba ne, ba magani ba ne. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne. Irin Hajiya ne, waɗanda suka ƙwanƙwasa kowace ƙofa ba a buɗe ba.

Wuraren magani suna nan, ba a ce babu ba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai sashen masu tabin hankali a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai cibiyar gyaran hali ta Ƙiru, NDLEA ma tana da ɗakunan ba da shawara da kwantarwa, da layin waya na kyauta, 0800 1020 3040. Amma a auna su da jihar da ke da masu shan sama da miliyan. Ga kuma dokar kanta da ke tsoratar da mai neman taimako: dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da mallaka ko amfani da manyan kayan maye. A aikace ba a cika yi wa mai shan haka ba, amma uwa da ta ji wannan za ta yi tunani sau biyu kafin ta kai ɗanta ofishin masu kaki. Mace mai shan kuwa, ita abin kunyar ma ya ishe ta ɓoyewa har sai ta faɗi.

Giya, wadda ba ma son ambata

A Kano maganar giya takan tsaya ne a hoton motar Hisbah tana murƙushe kwalabe. A Nuwambar 2020 kaɗai an fasa kusan miliyan biyu. Dokar jiha ta hana, addini ya hana, don haka muna ɗauka an gama magana. Amma kwalbar da ake fasawa ba ita ce ke shiga aljihun ɗan sakandare ba. 'Yar leda ce, mai arha, mai ƙarfin gaske, wadda za ka ɓoye a cikin safa. Sai kuma masu ɗaci da ake sayarwa da sunan maganin basir ko ƙarfin maza, alhali barasa ce a ciki.

Rikicin 'yar ledar nan ya nuna yadda hukumomi ke jan igiya ɗaya ta fuska biyu. A Disambar 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da NAFDAC da hukumar kare masu saye ta tarayya suka sa hannu da kamfanonin giya cewa za a daina zuba ta a leda da ƙananan robobin da ba su kai mililita 200 ba zuwa ƙarshen Janairun 2024. Da wa'adin ya cika NAFDAC ta fara zartarwa, sai kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka tashi da zanga-zanga kan asarar ayyuka, Majalisar Wakilai ta nemi a dakata, aka ɗaga wa'adin zuwa ƙarshen 2025.

Ta fuskar lafiya kuma akwai abin da ya kamata kowane ɗan Hisbah da ɗan sanda da ɗan sintiri ya sani. Giya idan ta haɗu da tiramadol ko roci, numfashi take danne wa, mutum ya kwanta barci ya wuce. Wanda ya daɗe yana shan giya sosai kuma, idan aka kulle shi aka yanke masa rana ɗaya, yana iya kamuwa da jijjiga da ruɗewa har ta kai ga rasa rai. Wato wanda aka tsinta a buge a kan titi, kafin a yi maganar hukunci, akwai buƙatar wani mai ilimin lafiya ya duba shi. Akwai ma allurar naloksan da ke farfaɗo da wanda magungunan kashe zafi suka danne wa numfashi cikin mintuna. Irin wannan sani yana wajen likita, kamen kuma yana wajen mai kaki, kuma ba kasafai suke zama a ɗaki ɗaya ba.

Me ake nufi da haɗin gwiwa na gaske

A takarda Najeriya ba ta rasa tsari ba. Babban shirin ƙasa na 2021 zuwa 2025 ya tsaya a kan ginshiƙai huɗu: toshe hanyar shigowar kaya, rage masu nema, tabbatar da cewa marasa lafiya na gaskiya suna samun magungunan da ake tsarewa, da kuma daidaita aikin hukumomi. Ya tanadi kwamitin ma'aikatu a tarayya, da kwamiti a kowace jiha. Ginshiƙi na uku ana yawan mantawa da shi, alhali mai ciwon daji da mai sikila da wanda aka yi wa tiyata suna buƙatar waɗannan magunguna, kuma duk tsananin da aka yi ba tare da likitoci a teburin ba, a kansu yake ƙarewa.

Matsalar kwamiti a wurinmu sananniya ce. A ƙaddamar da shi a ɗakin taro, a yi tattaki ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, da riguna da huluna, sai kuma baɗi. Ba shi da kasafin kansa, ba shi da ma'aikaci ko ɗaya da wannan ne kaɗai aikinsa, kuma idan abu ya lalace babu wanda za a nuna a ce kai ne.

A Ingila, bayan shirin shekara goma da suka fitar a Disambar 2021, an wajabta wa kowane yanki ya kafa zauren da 'yan sanda da hukumar lafiya da ƙaramar hukuma da masu kula da waɗanda aka saki daga kurkuku za su zauna tare, har da mutanen da suka taɓa shan suka daina. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne sharaɗin cewa a kowane yanki sai an ambaci mutum ɗaya, da sunansa, wanda alhakin sakamakon ke wuyansa. Ba sai mun je nesa ba ma. Kaduna ta kafa hukuma ta musamman a ƙarƙashin jiha don rigakafi da maganin shaye-shaye, daga baya ta haɗa ta da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ko ba komai, a can akwai ofishin da wannan ne aikinsa daga safe zuwa yamma.

A ganina Kano tana da abin da waɗancan ba su da shi, sai dai ba ta ɗaure shi wuri ɗaya ba. Ƙananan hukumomi 44, mazaɓu 484, kusan kowacce da ƙaramin asibiti, da masu unguwanni, da limamai, da 'yan Hisbah, da 'yan sintiri, da 'yan kemis da kowa ya san su. Da ɗan gari akan ci gari. Da a ce a kowace mazaɓa waɗannan za su zauna sau ɗaya a wata, da jami'in NDLEA da shugaban makarantar sakandare, tambaya uku kawai ta ishe su: wane sabon abu aka gani, wa ke sayarwa, su wa ke buƙatar a kai su asibiti kuma wa zai raka su. A horar da ma'aikacin lafiya ɗaya a kowane ƙaramin asibiti ya iya tantance mai shan da ba shi shawara, domin ba kowa ne ke buƙatar gado ba, da yawa zuwa-da-dawowa ya ishe su. Duk wanda aka kama da abin shansa kawai, kada a sake shi sai da takardar ganin wannan ma'aikaci. Dila kuwa a bi shi har kotu.

A nan ne maganar take ɗaci. Mai unguwa ya san gidan da ake sayarwa, amma ya kuma ga an kama mai gidan da safe ya dawo da yamma yana tambayar wa ya kai ƙara. Idan ba a ɓoye sunan mai ba da labari ba, ba a kuma hana manya zuwa belin dila ba, babu mai unguwar da zai sake buɗe baki, kuma ba zan ga laifinsa ba. Haka nan kowa a garin nan ya san lokacin da ƙwaya ta fi yawo a hannun matasa: lokacin kamfe, sa'ad da ake cika motoci da yara masu gora da wuƙaƙe. Zauren da 'yan siyasa za su jagoranta da rana, yaransu su raba kaya da dare, ba zai haifar da komai ba. Faɗan daba da ƙwacen waya da suka addabi unguwanni daga wannan tushe suke sha, shi ya sa lokacin da rundunar 'yan sandan Kano ta karɓi tubabbun 'yan daba a 2023, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa zai karɓe su daga hannun 'yan sanda, ya yi musu magani, ya koya musu sana'a, ya bibiye su bayan wata shida.

Ɗan Hajiya bai je ƙauyen ba. Wata nas da ke zaune a layin gaba, wadda ba aikinta ba ne kuma ba wanda ya biya ta, ita ta yi ta buga waya har aka samu gado, ta kuma sa ƙaninta ya riƙa raka shi ganin likita bayan an sallame shi. Mai unguwa ya yi magana da wani mai walda ya ɗauke shi. Ya koma sha sau ɗaya a cikin damina, aka sake mayar da shi. Yanzu wata na bakwai ke nan yana fita aiki, kuma idan ya taso da yamma ta titi yake zagayowa, ba ya bi ta bayan layi.